Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Wa Ke Riƙe Da Wayar?

[Hoto: yatsa yana danna wasan haɗa launuka a waya]

Idan kana cikin guruf ɗin WhatsApp na Hausawan Makka ko Jidda, da wuya a ce ba a turo maka irin tallan nan ba: wai minti goma na wasan waya a kullum zai mayar da ƙwaƙwalwar tsoho ta saurayi. Da yawa sun saukar wa iyayensu, kuma da kyakkyawar niyya suka yi. Sai dai a shekarar 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar irin waɗannan wasanni, ya biya dala miliyan 2, saboda ya yi irin wannan alkawari ba tare da hujja ba. Wanda ya nace wa wasan, a wasan yake ƙwarewa. Sunan maganin da likita ya rubuta masa kuwa, sai ya ci gaba da mantawa.

To me ke aiki?

[Hoto: dattawa a aji, kowa da kyamara a hannu]

A 2014 aka wallafa binciken Denise Park ta jami'ar Texas da ke Dallas. Mutum 221 ne, masu shekara 60 zuwa 90. Wasu aka sa su koyon ɗaukar hoto da gyara shi a kwamfuta, wasu ɗinkin bargo, kimanin awa 15 a mako har wata uku. Wasu kuma hira da yawon buɗe ido kawai suka yi, wasu suka zauna a gida da abubuwan da suka riga suka saba. Da aka gwada su, waɗanda suka sha wahalar koyon abin da ba su iya ba su ne ƙarfin tunawarsu ya ƙaru.

Sharuɗɗan biyu ne ke nan: abin ya zama sabo, kuma ya ba da wuya. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Tilawar surar da ka haddace tun kana yaro tana zuwa kamar ruwa, ladarta kuma na nan. Ƙarin da ake yi maka yau, wanda kake tuntuɓe a kansa kana komawa baya, shi ne yake sa ƙwaƙwalwa aiki.

[Hoto: falo bayan Isha'i, ana zuba shayi, dattijo ya miƙa wa jikansa waya]

A tsaya a nan, domin nan ne kusan kowane gida yake kuskure.

Baba yana so ya duba Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya. Ya fara lalube. Jikansa ya ga ya daɗe, sai ya ce, "Kawo, Alhaji, in yi maka." Daƙiƙa ashirin an gama. Yaron ya yi ne don ladabi, Baba ya sa masa albarka, kowa ya ji daɗi. Amma wancan laluben, da jinkirin, da ɗan ɓacin ran, su ne ainihin karatun, kuma su aka karɓe daga hannunsa. A yi haka shekara biyar, za ka ji Baba da bakinsa yana cewa, "Ni kaina ya daina ɗauka." Alhali kansa lafiya lau, damar ce aka daina ba shi.

Ga yadda ake yi. Wayar tana hannun Baba daga farko har ƙarshe, kai kuma hannayenka suna kan cinyarka. Kafin a fara, a shiga saituna a ƙara girman rubutu, a ɗauko tabarau, a kashe talabijin. Aiki ɗaya tak a zama ɗaya: yau tura saƙon murya ga 'yan uwa a Kano ko Maiurno ta Sudan, shi ke nan. Ka nuna sau ɗaya a hankali a taka wayar, sannan ya yi a tasa. Idan ya maƙale, ka ƙirga goma a zuci kafin ka buɗe baki. In ka buɗe, tambaya za ka yi: "Alhaji, ɗazu ina muka danna?" Amsar da mutum ya tono da kansa ta fi zama fiye da wadda aka miƙa masa.

Minti ashirin ya isa. Gobe ya sake yi ba tare da an nuna masa ba, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Tazarar ce ke kafa abin. Idan aka maimaita sau goma a dare ɗaya, za a ga kamar ya iya, zuwa Juma'a ya gudu.

Kada a fara da Absher ko manhajar banki. Lambar sirrin da ake turowa tana da ƙurarren lokaci, mai koyo yana ganin haka sai ya rikice, tsoro kuma yana toshe kai. A bar su sai hannu ya faɗa. Ranar da aka kai gare su, darasin farko shi ne: wannan lamba ba a karanta wa kowa ita a waya, ko da ya ce daga banki yake.

[Hotuna da sauri: Hajiya a kan keken ɗinki, dattijo yana rubutun Larabci, wata tana auna kayan kabsa]

Ba lallai sai waya ba. Hajiyar da ta yi shekara arba'in tana jin Larabcin kasuwa za ta iya fara koyon rubuta shi. Ɗinki, sabon girki, haddar sabon hizifi, duk sun shiga. A ganina abin da ya fi komai kyau shi ne a yi musaya: jika ya koyar da waya, kaka ta koyar da Hausa, musamman ga yaran da aka haifa a nan Saudiyya, waɗanda harshen ya fara kuɓuce musu. Kakar da aka ce ta fassara karin magana sai ta yi tunani kafin ta amsa, kuma dariyar da ake yi a wajen ba ta da kuɗi.

[Hoto: asibiti, ana auna hawan jini]

Sauran a gurguje. Rahoton kwamitin mujallar likitoci ta Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwar tsufa. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, kaɗaici, rashin motsa jiki, raunin gani da raunin ji. A kula da na ƙarshen nan. Dattijon da ya daina sa baki a hira, sau da yawa ba ya jin abin da ake faɗa ne, yana kuma jin nauyin cewa a maimaita. A kai shi a gwada kunnensa. Motsa jiki kuma, kamar tafiya a ƙafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako. Da zafin nan, bayan Asuba ko bayan Isha'i.

Manta suna a tuno shi daga baya abu ne da tsufa ya gada. Amma idan Baba ya ɓata a hanyar masallacin da ya saba zuwa, ko yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama ɗaya, ko lissafin kuɗin da ya iya tun da can ya fara gagararsa, a ajiye darasin waya, a nemi ganin likita a makon nan.