Cincila da zafi ba sa ga-maciji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar cincila za mu yi, wannan ɗan dabbar dangin ɓera mai laushin gashi da ke leƙowa daga keji a bayana. Bari in matso da kyamara. Kun ga 'yar na'urar da na maƙala a jikin kejin? Ita ke auna zafi da danshin iska. Yanzu tana nuna digiri 18, danshi kuma kashi 45 cikin ɗari, to a haka hankalina kwance yake.

Asalinsa daga tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen ƙasar Cile, inda ake sanyi kuma iska a bushe take. Shi ya sa Allah ya yi masa gashi mai kauri na ban mamaki. Ku duba, na hura masa iska a gadon baya amma da ƙyar ake hango fata. Daga kowane ramin gashi guda, sili fiye da 50 ne ke fitowa. Ga shi kuma ba ya gumi. Kamar mutum ne a lulluɓe cikin bargon da ba shi da damar yayewa.

Abin da ya fi masa daɗi shi ne ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos. In ya kai 25, ka fara neman mafita. In ya taɓa 27, to rai ake magana, don zafi na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Danshi ma kada ya haura kashi 50 zuwa 60. Masu kiwo da ke amfani da ma'aunin Faranhait suna da wani lissafi: ka haɗa digirin zafi da kason danshi, kada jimlar ta wuce 150. Misali digiri 80 da danshi 70, an riga an kai bakin iyaka.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ruɗewa: fanka. Mu fanka na sanyaya mu ne saboda tana busar da gumin jikinmu. Shi da ba ya gumi, iska mai zafi kawai kake kaɗa masa. A nan inda nake, gidaje da dama ba su da na'urar sanyaya ɗaki, an gina su ne don su riƙe ɗumi, sai lokacin zafi ya zo ɗakin sama ya koma tanda. Ni a ganina, wanda ba shi da halin sanyaya ɗaki ɗaya dare da rana, gara ya haƙura da kiwon cincila.

Hunturu bai cika zama matsala ba, sai dai a nisanta keji daga hita da kuma taga mai shigo da rana ko iska.

Wannan falalen dutsen da ke cikin kejin na marmara ne, yana riƙe sanyi, yakan zo ya baje cikinsa a kai. Taimako ne kawai, ba ya maye gurbin sanyaya ɗakin.

Ku kula da kunnuwansa, ta nan yake fitar da zafi. In sun yi ja, jijiyoyi sun fito ɓaro-ɓaro, ya miƙe a gefe guda yana haki ko yawu na zuba, kada ku tsaya jira. Ku kai shi wuri mai sanyi, ku shafa masa tsumma mai ɗan laima a kunnuwa da ƙafafu, ku kira likitan dabbobi nan take. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, sanyin farat ɗaya illa ne. Gashin nan kuma in ya jiƙe ba ya bushewa da wuri, yana iya jawo masa ciwon fata, shi ya sa ma wankansa da ƙura ne ba da ruwa ba.