Jawabin Maraba Ga Wakilin Ƙungiyar Ƙwadago Ta Duniya, OIT, A Ziyararsa Ta Maradi

Mai martaba Sarkin Katsinan Maradi, mai girma Gwamna, babban baƙonmu, 'yan uwa ma'aikata, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa Maradi. Ƙungiyar da ka wakilta tun 1919 take tsaye kan haƙƙin mai gumi, kuma aikinka ya riga ka isowa nan.

Ba za mu ɓoye abin da ke ranmu ba: muna roƙon a taimaka a ƙara mana sufetocin aiki, a ba su motar zagaye.

Garin nan da ka sauka Katsinawa ne suka kafa shi, ambaliyar 1945 ta cinye shi, kakanninmu suka hau tudu suka sake gina shi da hannunsu. Gyaɗarmu ta ɗauki Nijar shekara da shekaru, fatar jar akuyarmu ta yi suna har Turai. Ba banza ake kiran Maradi cibiyar kasuwancin ƙasa ba. Yau kuwa masana'antu da dama sun rufe, 'ya'yanmu sun koma dako da kabu-kabu da haƙar zinariya. Ka leƙa babbar kasuwa, ka ga dattijo da furfura ya sunkuya ƙarƙashin buhun gero, ba takardar aiki, ba rajista a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Ranar da bayansa ya ƙi, ranar tukunyar gidansa za ta huce. A watan Nuwamban 2021 rami ya rufta da masu haƙar zinariya a yankin Ɗan Issa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Har yau ciwon bai warke ba.

Dokoki kam muna da su. Nijar ta shiga OIT a 1961, ta amince da yarjejeniya mai lamba 81 kan binciken wuraren aiki, da mai lamba 182 kan munanan ayyukan da ake sa yara. Ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar 2014 kan aikin tilas, muna kuma alfahari da haka. Mafi ƙarancin albashi ya kai jika 42 a wata. Amma wa zai je Dakoro ko Mayahi ya duba ko ana biya? Sufeton da ba shi da abin hawa, a ofis zai wuni.

Akwai batun horar da shugabannin ƙungiyoyinmu, wannan zai iya jira. Sufetoci da mota, ranka ya daɗe, su ne ba sa jira. Don Allah ka kai wannan kuka Janeba, hedkwatar ƙungiyarku.

Allah ya maida ka gida lafiya.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin ma'aikatan jihar Maradi