Yadda ake fito da ƙyallin zoben zubi

Wannan zoben azurfa ne, yanzu ya fito daga zubi. Duba shi da kyau: ya yi baƙi-baƙi, jikinsa duk kaushi, ga guntun wutsiya a gefe inda narkakken ƙarfe ya bi ya shiga. Kafin ya kai a jera shi cikin gilashi a Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna da sauran aiki, kuma yawancin aikin a kan samfefa yake ƙarewa, ba a kan inji ba.

A fara da wanki. Zuba babban cokali 2 na garin sitirik asid a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka jefa zoben ya yi minti 10 zuwa 15. In tagulla ce, jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana yi, sai dai tana da nawa. Kada ka tsamo shi da hantsakin baƙin ƙarfe. In ruwan ya sha aiki, jan ƙarfen da ya narke a ciki zai hau jikin azurfar ta koma ja. Sa tsinken itace. Ɗauraye da ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin.

Yanke wutsiyar, ka bar kamar milimita 1, sannan ka daidaita da magagari. Gaba kawai magagari yake ci, sai ka riƙa ɗaga shi in za ka dawo.

To, ga inda masu gaggawa suke faɗuwa. Samfefa lamba 320, sai 400, 600, 800, a rufe da 1200. Naɗe ta a jikin siririn katako, don yatsa yana da laushi, zai cinye kaifin gefen zobe ya bar shi a dulmuƙe. Duk sanda ka canja lamba, canja hanyar guga: in da tsaye kake yi, koma kwance. Ta haka za ka ga ko layin lambar baya yana nan. Kalli wannan ƙarzanen guda ɗaya da ya gitta. Na 320 ne. Ba man gogen da zai share shi, ƙara fito da shi ma zai yi.

Ka ga ƙananan ramuka kamar cin allura? Daga zubi suke, ko iska ce ta maƙale ko ƙarfen ya tsuke wajen hucewa. Ci gaba da guga sai ya tono wasu. Danne su da santsin sandar ƙarfe har bakinsu ya rufe, ka koma 600.

Yanzu inji. Motar injin goge, mai juya faifan yadi, da ake haɗawa a kasuwar Panteka yawanci tana juyi wajen sau 2,800 a minti, saboda haka naɗe hannun riga, a cire mayafi, kuma ban da safar hannu. Sa tabarau da takunkumi. Riƙe zoben a jikin sandar itace, ka taɓa shi da ƙasan faifan yadin, inda yake juyawa ƙasa. In ka kai shi sama, zai fizge ya harba maka a fuska. Sarƙa kuwa ba ta zuwa kusa da inji sam, da hannu ake goge ta.

Man farko shi ne tirifoli, mai ruwan ƙasa. Ɗan taɓa shi a jikin faifan na daƙiƙa 2 ya isa. In ka ga baƙin maiƙo yana taruwa a zoben, man ya yi yawa. Wanke da ruwan zafi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, har cikin lungunan zanen, sannan ka koma jan mai, a wani faifan dabam. Kowane mai da faifansa.

Da hunturu, ƙurar da ke sauka a Kaduna ta isa ta mai da faifan ƙarshe samfefa. Da an tashi aiki, cire shi ka ƙulle a leda.