Kafin ka ɗaga Hilux ɗinka sama, tsuguna ka leƙa ƙarƙashinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan da kuke gani a ƙofar gida Hilux Vigo ce mai shan gas, wato dizal, injin 2.5 ɗin nan da ake ce wa 2KD, ta hannu na saya, kuma da ita nake shiga gona rani da damina. Tun da na fara nuna ta kusan duk saƙon da ake turo min tambaya ɗaya ce, malam nawa zan kashe in ɗaga tawa ta yi tsayi in sa mata manyan tayoyi. To yau dai a nan za mu fara, amma sai kun yi haƙuri mun ɗan shiga ƙasa mun ɓata riga.

Ku dubi wannan tulun ƙarfen da ke tsakiyar bakaksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya. Shi ne ya fi komai kusa da ƙasa a bayan motar, shi ne yake fara dukan dutse, shi ne kuma yake zama daɓas a kan tudun tsakiyar hanya idan manyan motoci sun haƙe gefe da gefe da damina. Yanzu ko inci nawa ka ƙara wa sifirin, bodi da shasi ne za su tashi, tulun nan yana nan inda yake don a jikin aksul yake, aksul kuma a tsakiyar taya yake. Abin da ke ɗaga shi ɗaya ne tak, tsayin taya. Shi ma ba wani da yawa ba. Tayar da na samu a kan motar 265/65R17 ce, tsayinta wajen milimita 776, na canza zuwa 265/70R17 mai wajen 803. Bambancin 27 ke nan, kuma rabinsa kawai tulun ya samu tunda rabin tayar ne ke ƙasan aksul, kun ga ko santimita ɗaya da rabi bai cika ba. Sannan mitar gudu ta fara yi min ƙarya, idan ta nuna 100 to a gaskiya wajen 103 nake yi, motar ta ɗan ƙara nauyin tashi, mai ma ya ɗan ƙaru. Ba na ce kar a yi ba, ni ma ai na yi, amma mutum ya san abin da ya saya.

In ka nace sai ka ɗaga, kar ka wuce inci 2, wato milimita 50. Gaban Vigo ba aksul ɗaya miƙaƙƙe ba ne irin na wasu Land Cruiser, kowace taya da nata shaf ɗin, kana ɗagawa da yawa shaf ɗin zai karkace fiye da yadda aka ƙera shi, robar da ke rufe da gaɓarsa ta yage, giris ya watse, yashi ya shiga, bayan 'yan makonni ka fara jin ƙas ƙas ƙas duk lokacin da ka karya kwana. Masu zuwa wajen mai walda a ƙara wa shakul ɗin baya tsawo da guntun ƙarfe kuwa, wallahi ni ba na so, motar takan riƙa rawar gindi a kwana musamman in an yi lodi.

Idan a gida za ka canza sifirin ko shokozoba ga abin da mutane ke mantawa. Kar ka ɗaure notin bushin tamau mota tana rataye a sama. Ka ɗaura shi sama-sama, ka sauke motar nauyinta ya zauna a kan tayoyinta, ka ɗan jijjiga ta, sannan ka ƙulle. In ka ƙulle tana sama, tana sauka robar bushin za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba za ta yi wata uku ba ta tsage. Bayan ka yi tafiya ta 'yan kwanaki ka koma ka sake bin notocin da ke riƙe da sifirin a jikin aksul don sukan saki, kuma ka je a yi maka alaimen in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya. Sannan don girman Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota jak ne kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake yi ba sallama. Ni ƙarfen tokara biyu nake sawa, in tura safaya taya ƙarƙashin shasi, in sa dutse a gaba da bayan tayar da ke ƙasa.

To yanzu ga aikin da na fi so a duk bidiyon nan, kuma shi ne mafi araha. Ku matso da kyau, kun ga wannan ɗan ƙaramin abu mai hula a saman bakaksul kamar kan noti? Hancin aksul ke nan, ta nan yake numfashi. Idan mota ta yi tafiya man da ke cikin tulun yana zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita ta nan. Matsalar ita ce ka zo da zafinka ka faɗa cikin ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke nan take, aksul ya zuƙo duk abin da ke bakin hancin ko gefen sil, in ruwa ne ruwan zai sha.

Ni haka ta faru da ni. Wata shekara cikin watan Agusta na tsallake wani rafi a hanyar gona, ruwan bai ma kai saman taya ba, na wuce lafiya ina ta yabon motata. Bayan kamar wata guda na fara jin wani kuka daga baya, wuuu, yana ƙaruwa in na taka. Da na kwance notin juye mai abin da ya zubo ba mai ba ne, sak kunun gyada, fari-fari mai kauri. Boris ya riga ya ci, sai da na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman wani, na biya bakanike, motar ta kwana biyar a gareji ga taki yana jira a kai gona. Maganin kuwa tiyo ne. Ka wanke wajen tas don kar ƙasa ta faɗa ciki, ka kwance hancin, ka ɗaura ɗan bututu mai zare daidai da ramin, ka sa tiyon mai a kai ka matse da kilif, ka ja shi ta jikin shasi har cikin bonet can sama, a ƙarshensa ka maƙala ɗan filtan man babur don ƙura. Abu biyu za ka kula, ka bar wa tiyon rara a kusa da aksul saboda aksul hawa da sauka yake yi in ka ja shi tsam zai tsinke, kuma ka nisanta shi da salansa. Duk kayan ba su kai kuɗin boris ɗaya ba. Kuma ko ka yi wannan, duk ranar da ka shiga ruwa mai zurfi ka buɗe notin sama ka tsoma yatsa ka ga kalar man.

Sai wannan dogon bututun da ke bin gefen gilashi, sinokel, ta nan injin ke shan iska, ni dai hancin giwa nake ce masa. Mutane na ɗauka na ruwa ne kawai, alhali a wajenmu ƙura ya fi yi wa aiki, don iskar da ke saman rufi ta fi ta gefen taya tsafta nesa ba kusa ba, musamman lokacin hunturu ko in kana bin bayan wata mota a burji. Amma in an sa shi ba a liƙe gaɓoɓinsa da kyau ba to ado ne kawai. Gwajin ba wuya, ka tada mota tana tsaye ba ka taka totur ba, ka toshe bakinsa da faffaɗan katako ko kwali mai ƙarfi, in komai a liƙe yake injin zai shaƙe ya nemi mutuwa cikin 'yan daƙiƙu, in kuwa ya ci gaba da aiki abinsa to yana shan iska ta wani wajen, kuma inda iska ta bi ruwa ma zai bi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda fistin ya taso ya same shi kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, ne zai lanƙwashe. Shi ya sa in mota ta mutu a tsakiyar ruwa kar ka sake murɗa makulli, a jawo ta waje tukuna a duba filtan iska, in a jiƙe yake sai an fitar da ruwan da ke cikin injin kafin a tayar.

Injin 2KD yana da kwamfuta da nozul masu tsada, ba ya son gas mai datti ko mai ruwa, mu kuwa a ƙauye wani lokaci dole ka sayi na jarka a bakin hanya. A ƙasan filtan gas akwai wajen da ruwa ke taruwa, ka sassauta shi ka danna famfon da ke sama har ruwan ya fita gas zalla ya fara zuwa, kar ka jira sai fitila ta kama a dashbod. Nan ne nake jin kishin masu Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2 silinda 6, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, ba turbo ba kwamfuta. Ba gudu ne da shi ba sam, amma bakanike da sifana da sukundireba zai iya lallaɓa shi a tsakiyar daji, shi ya sa direbobin da ke tashi daga Agadez su nufi Dirkou da Bilma suke ji da irinsa.

Kuma daga wajen direbobin sahara ne ya kamata mu kwaikwayi dabarar da ba a biyan ko sisi, rage iskar taya. A kwalta ina barin tawa wajen PSI 32 zuwa 35 a gejin awon iska, amma in zan shiga yashi mai laushi sai in sauke ta zuwa 18, in ta kama har 15. Tayar takan baje ta yi tsawo a ƙasa, sai motar ta hau kan yashin a maimakon ta haƙa rami ta binne kanta. Ku ga bambancin sawun nan biyu, na hagu da cikakkiyar iska, na dama bayan na rage. Sai dai da iska kaɗan ba a gudu ba a karya kwana da ƙarfi, tayar na iya fita daga rim, kuma kana dawowa kwalta ka mayar da iskar in ba haka ba za ta yi zafi ta fashe. Don haka ni a ganina gejin awon iska da ɗan famfo mai aiki da batir sun fi fitilun rufi amfani sau goma.

Tunda na ambaci fitila, masu jona ta kai tsaye a jikin wayar fitilar mota ku daina. Fitila mai wat 120 a kan batir mai bolt 12 tana jan amfiya 10, siririyar waya ba za ta ɗauka ba, narkewa za ta yi. Ka ja waya mai kauri daga batir, ka sa fis kusa da kan batir ɗin, ka sa rile, wato ɗan makunnin da zai ɗauki wutar fitilar, makunnin cikin mota rilen kawai zai riƙa tadawa.

Saura giyar taimako. In ka fito daga laka ka hau busasshiyar kwalta ka mayar da ita H2, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, don a H4 da duka huɗun ke ja gaba da baya a ƙulle suke tare, a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, a ƙasa taya takan ɗan zame abin ya warware amma a kwalta ba inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a giya da farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, za ka ji sitiyari ya yi tauri motar tana turjewa. In ta ƙi fita ka ɗan yi ribas a miƙe, za ta saki. Farfelar nan kuma tana da 'yan kawunan shan giris a gaɓoɓinta, ga ɗaya, ga wani can ciki sai ka juya ta kafin ka gan shi. Duk bayan shiga ruwa ko caɓi nake bin su, in goge kan da tsumma, in matsa har sai na ga tsohon giris baƙi ya fito sabo ya biyo bayansa. Bari in miƙo abin giris ɗin ku gani, wannan na bayan ma tun jiya yake min ƙara.