Hita tana ɗiga, a toshe ko a bari?

Binta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Sanyi ya sauka, kuma tun makon jiya saƙonnin da ke shigo mana kusan duk a kan abu ɗaya ne, hitar ruwa ta banɗaki. Tambayar da ta fi yawa, an ɗaura sabuwa, ga ta tana ɗiga ta ƙasa, a kira mai gyara ya toshe? Injiniya, bismillah.

Sani: Kada a toshe. Wannan shi ne farko. Abin da ke ɗigar nan ɗan bawul ne da ke zuwa cikin kwalin, ana ɗaura shi a bakin da ruwan sanyi ke shiga, mai alamar shuɗi. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi. Daga sanyin famfo zuwa digiri 60 yana ƙaruwa da kusan kashi biyu cikin ɗari. A tanki mai lita 50, kusan lita guda ke nan, kuma tankin a rufe yake ruf. Ina wannan ƙarin zai je? Ta bawul ɗin yake fita. In kin ga ɗigo lokacin da hita ke aiki, to lafiyarta lau.

Usman: Amma Malam Sani, akwai wadda ke zuba dare da rana, ko an kashe wuta.

Sani: Wannan daban ce. Ko dai datti ya maƙale a bakin bawul, ko ƙarfin ruwan da ke shigowa ya yi yawa, musamman gidan da aka sa famfon ƙara ƙarfi. Akan rubuta lamba a jikin bawul ɗin, yawanci wajen bar 7 ko 8, bar kuwa ma'aunin ƙarfin ruwa ne. In ruwan gidan ya kusa kai nan, takardar kamfani za ta ce a sa abin rage ƙarfi kafin hita. In kuma bawul ne ya mutu, a sayo irinsa mai lamba ɗaya. Abin da ke tayar min da hankali shi ne a cire shi a ɗaura murfi, ko a sa makullin ruwa tsakaninsa da tanki. Ranar da tamostat, abin da ke kashe hita in ruwa ya kai zafin da aka saita, ya ƙi yanke wuta, ruwan zai wuce digiri 100 a cikin ƙarfe rufaffe. Ruwa in ya koma tururi yana neman wuri ninki 1,600 na girmansa. Tankin fashewa yake, har bango yana iya tafiya da shi.

Binta: Inna lillahi. Kuma duk wannan yana cikin takardar?

Sani: Da zane ma. Har kibiyar da ke jikin bawul an nuna, ta kalli tanki. An ce a sa masa ɗan tiyo ya gangara ƙasa zuwa magudana, bakinsa a buɗe. An ce a riƙa ɗaga ɗan hannun nan nasa lokaci lokaci, a ga ruwa ya fito, don kada ya daskare.

Usman: Matsalar dai takardar ba ta kwana a gida. Kwali ya tafi wurin yara, ita kuma sai ka gan ta wurin mai ƙosai.

Binta: A'a Usman, mai ƙosai ba ta son irin wannan, santsi gare ta, ba ta shan mai.

Usman: To mai tsire fa?

Binta: Shi jarida ya sani. Sai dai mai gyaɗa, ta yi ɗan ƙunshi da ita.

Usman: Shafin Larabci a ƙunshe gyaɗa, na Faransanci a ƙunshe aya.

Binta: Ai kuwa harsuna sun kai goma a ciki, ta samu na mako guda. Kwalin kuma kaza ta samu ɗakin ƙwai.

Usman: Da soson nan fari na ciki, yara su yi jirgin ruwa.

Sani: To ku dai kafin ta kai ga mai gyaɗa a ɗauki hoton kowane shafi a waya. Mu koma. Abu na biyu da ke kashe sabuwar hita a ranar farko shi ne kunna ta babu ruwa. Ƙarfen da ke zafafa ruwan, wato elemen, an yi shi ne ya zauna a nutse. In ya ɗau wuta a bushe, cikin ɗan lokaci ya ƙone. Tsarin shi ne a buɗe ruwan sanyi, a buɗe famfon zafi na banɗaki, a bar shi yana tari yana fitar da iska har ruwa ya zo a miƙe ba yankewa. Sannan a rufe, a duba ko'ina ba yoyo, sai a ba ta wuta. Kuma a gidajenmu da tankin sama ke ƙarewa, in ruwa ya yanke a kashe makunnin hita.

Usman: A ɓangaren wuta ni abin da nake so mutane su riƙe, ba a jona hita da layin soket ɗin ɗaki. Layinta daban daga allon bireka. Mai wat 1,500 tana jan wuta wajen am (ampiya) shida da rabi, waya mai kauri milimita 2.5 ta ishe ta, da makunni mai am 20 wanda ke yanke wayoyi biyu, a wajen banɗaki. Sai wayar ƙasa, mai kore da rawaya, ta tafi har sandan da aka binne da gaske, ba a naɗe ta a bar ta a bayan murfi ba. Sai birekar nan mai gane yoyon wuta, ta miliam 30. Ita ce ke yankewa in elemen ya tsage wuta ta shiga ruwa, mutum yana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen tayil.

Sani: Kuma wannan lissafin na mai tanki ne. Ƙaramar nan mai zafafawa nan take, wata tana kai wat 7,000, am 30 ke nan. In aka ba ta wayar 2.5 zafi za ta ɗauka cikin bango, har tana iya narkewa. Ita ana maganar milimita 6 ne, kuma a duba abin da kamfanin ya rubuta. Tana kuma buƙatar ruwa mai ƙarfi. Tsayin mita 10 shi ke ba da ƙarfin bar ɗaya, tankin da ke mita huɗu sama da shawa bai kai ko rabi ba, shi ya sa take kamawa tana saki.

Binta: Wata ta tambaya, shekara uku hitarsu, yanzu tana ƙara kamar ana soya tsakuwa, kuma tana daɗewa.

Sani: Ruwan bohol ne mai gishirin ƙasa. Farin abin nan da ke kama gindin butar shayi, shi ya lulluɓe elemen. Lita 50 da wat 1,500 bai kamata ta wuce awa ɗaya da rabi ba, yunit biyu da ɗoriya a mita. A kashe wuta daga bireka, a rufe ruwan shiga, a buɗe famfon zafi, a zubar da ruwan ta bawul. A kwance farantin da elemen ke jiki, a kankare a hankali, a sa sabuwar robar baki, kada a mayar da tsohuwa. A nan za a ga wani sanda na magnesiyam. Aikinsa tsatsa ta ci shi maimakon tanki. Kamfanoni na cewa a duba shi duk shekara ɗaya ko biyu, in ya zaizaye a canza. Yawancin tankin da ya huje, sandan nan ne ya ƙare ba wanda ya leƙa. Tamostat kuma a bar shi wajen 60. Ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na samun wurin zama, sama da haka farin nan ya fi saurin taruwa, ga ƙuna ga yara.

Usman: Ba mu taɓa maganar rataye ta ba. Lita 50 kilo 50 ne, ban da nauyin ƙarfen, a jikin bulo mai rami...

Sani: Kuma wadda aka yi don tsaye ba a kwantar da ita don silin ya yi ƙasa, elemen zai fito daga ruwa.

Binta: Injiniya lokaci ya cinye mu, ga shi mun yi alkawarin hitar ɗaki da ta gas.

Sani: A gurguje. Hitar ɗaki kai tsaye a soket ɗin bango, tazarar mita guda daga labule da katifa, ba a shanya kaya a kanta. Ta gas ba a sa ta cikin banɗaki, kuma harshen wutarta shuɗi ake so, in ya koma rawaya a kashe a kira mai gyara. Kaskon gawayi kuwa, don Allah kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take ɗaukar mutum.

Binta: Wannan sai mun ba shi shiri guda. Usman, ka riƙe maganar bulon nan, da ita za mu fara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.