Wa zai ɗauko mai rauni daga hanyar Koko da ƙarfe biyun dare?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu sarakuna, malamai, ma'aikatan lafiya, da 'yan uwa direbobi da suka bar lodi a tasha suka zo, sannunku da zuwa wannan taro kan aikin gaggawa da masu aikin motar asibiti.

A ce da ƙarfe biyun dare tirela ta yi taho-mu-gama da motar fasinja tsakanin Koko da Jega, a nan jihar Kebbi. Wa za a kira? Yawancinmu lambar ɗan uwa za mu lalubo. Alhali akwai 112, lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ce ko babu kati a wayarka, akwai kuma 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Ku rubuta su. Amma kira ba ya ɗauko mutum, sai an samu wanda zai amsa, da motar da za ta tashi, da wanda ya san abin yi a cikinta.

Ta fuskar doka ba mu da matsala. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar mara lafiyar gaggawa. Wata doka ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba a fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma wanda ya kawo shi kada a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci. Asusun kula da lafiya a matakin farko yana samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun na aikin gaggawa ne. Kuɗin nan haƙƙinmu ne, mu riƙa tambayar inda ya kwana.

To mu shiga cikin motar. Da yawa daga abin da muke kira motar asibiti gado ne kawai da jiniya, shi ya sa a wasu garuruwa mutane suka ɗauke ta motar gawa. Ga lissafi ɗaya da ba a yi. Ƙaramar tukunyar oksijin da aka saba ɗauka tana da wajen lita 680. Mai rauni da numfashinsa ke sarƙewa yakan buƙaci lita 10 a minti ɗaya. Ku raba: awa ɗaya da 'yan mintuna, ta ƙare. Wanda ya taso da mara lafiya daga Yawuri ko Zuru zuwa Birnin Kebbi da tukunya ɗaya, a tsakiyar hanya iskar za ta yanke masa. Sai an sa babbar tukunya, da ta ajiya, da sifanar buɗe ta, don an sha samun tukunya cike babu abin buɗewa. Haka mai da batir. Motar da sai dangin mara lafiya sun yi karo-karon kuɗin mai kafin ta tashi, sunanta motar haya.

Kuma direba shi kaɗai ba ya isa. Mutum biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya a sitiyari, ɗaya a baya hannunsa a kan mara lafiya.

Abin da ya fi kashe mutanenmu kafin a kai asibiti shi ne jini. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, kamar ledar fiya wata 10. Idan rauni yana zuba, a ninka tsumma mai tsabta a danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, in ya jiƙe a ɗora wani a kai. Idan hannu ne ko ƙafa jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku sama da raunin, a murɗa da sanda har ya tsaya, a rubuta lokacin. Ban ce igiya ko waya ba, suna yanka nama. Ban kuma ce a yi haka ga saran maciji ba, wannan a hana gaɓar motsi a nufi inda ake da allurar dafi, babu ɗauri, babu tsaga. Sai ɗaukar mai rauni: wani ya kama hannu, wani ƙafa, a jefa bayan a-kori-kura. Idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce ke shanye mutum har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kai kada ya juya, uku su ɗaga tare, a ɗora a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ɗaki ne.

Iyayena mata, ku saurara nan. Mai jego da ta zubar da jinin da ya kai ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, ta shiga haɗari, ba wankin ciki ba ne. A tausa mahaifa ta saman mara har ta yi tauri, a nemi mota nan take. Ungozoma tana da allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse, amma zafin Kebbi yana kashe ƙarfinta in ba a sanyi aka ajiye ta ba. Akwai kuma allurar tsayar da jini, giram 1, wadda amfaninta yana cikin awa 3 na farko bayan haihuwa. Duk mintin da aka ɓata ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, daga cikin awa ukun nan ake cire shi. Maigida, ka bar izininka a gida tun ciki yana wata bakwai, da lambar direban da aka yi magana da shi.

Mutanen bakin kogi ba sai na tuna muku jirgin da ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba. Allah Ya ji ƙansu. Wanda aka tsamo ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana kifa shi ana matsa ciki don ruwa ya fito. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. A hura masa iska ta baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba, dannawa 100 zuwa 120 a minti. Wannan masunci zai iya koyonsa a yini ɗaya.

Yanzu ga su masu aikin, waɗanda dominsu muka taru. Su ne ke sa hannu cikin jinin wanda ba su sani ba, wani lokaci babu safar hannu. Su ne ke bin hanyar da kowa ke tsoro da dare. In mara lafiya ya cika a hanya, su dangi ke huce wa. Kowannensu ya kamata a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 cikakku, kuma in allura ta soke shi ya samu maganin kariya daga ƙanjamau kafin awa 72. A ba su alawus ɗin dare a kan lokaci, a sabunta musu horo duk shekara, a yi musu matakin ƙarin girma kamar sauran ma'aikata, don wanda aka horar in bai ga gaba ba wata jiha zai koma.

Ranka ya daɗe, hakimi, abin da muke roƙo a wajenku shi ne kowace gunduma ta san direbobi biyu da za a iya tasa da dare, da asusun mai a hannun amintaccen mutum. 'Yan majalisa kuma, in kasafin kuɗi ya zo gabanku, ku duba layin mai, da oksijin, da gyaran mota, da albashin mutum biyun nan, kafin ku sa hannu a sayo sabuwa.

Lokacin salla ya gabato, mu karɓi tambayoyi uku. Malam na baya, bisimilla.