Tayar tsere a kan mota otomatik: amsa ga 'yan uwa na Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Garwa, Marwa da Ngaundere, har ku na Kuseri da na ƙetaren gada a Njamena, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da rugugin da kuke ji a bayana, ina filin tseren motoci na garin Ennis ne, kudu da Dallas a jihar Teksas. A 1986 aka buɗe shi, kuma hanyar tserensa siminti ce zalla. Yau daren gwaji ne, duk mai mota zai biya kuɗin ƙofa ya shiga ya ga iya gudunta.

Ƙanena ne ya turo mini saƙon murya, ya ce, "Yaya, tayoyin nan masu faɗi da nake gani a bidiyonka, suna yi a mota otomatik? In suna yi, ka sako mini biyu a kwantena." To ƙanena, suna yi, har ma sun fi jituwa da otomatik a kan mai kuloci. Amma ba zan sako maka ba, kuma ka tsaya ka ji dalili.

Tseren nan ba na zagaye ba ne. Mota biyu ake jerawa, fitilu su sauko daga ruwan ɗorawa zuwa kore, kowa ya taka totur a miƙe har mita 402, wato rubu'in mil. In ka gama sai a ba ka 'yar takarda mai nuna daƙiƙun da ka ɗauka. Mutanen da suka san abin ba sa fara duba lambar ƙarshe, lambar ƙafa 60 na farko suke dubawa, kimanin mita 18 ke nan. A wannan ɗan taƙin ake cin tsere ko a faɗi. In tayarka ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, ko injin jirgi ka ɗora, abokin karawarka ya riga ya tafi.

Bari in juya kyamara ku gani. Wannan da ke bayan jar motar nan, ita ce marar zane ko kaɗan. Ku dubi gefenta, da yatsa ma ina iya lotsa shi. Zaren cikinta a gicciye aka saƙa shi, irin ƙirar da, shi ya sa lokacin tashi za ka ga gefen ya yamutse, ya shanye bugun da injin ya kai mata, sannan ya sake. Ko ta ɗan zame, tana sake kamawa. Wannan kuma da ke kan motata radiyal ce ta tsere, wato mai zaren ciki a miƙe daga gefe zuwa gefe, ƙirar kamfanin Mickey Thompson. Tana da 'yan layuka kaɗan don doka ta yarda a hau titi da ita, robarta mai laushi ce ƙwarai, amma gefenta ya fi na waccan tauri. Halinta ɗaya ne: ko ta kama ƙasa tun bugun farko, ko ta zame. In kuwa ta zame, ba ta dawowa sai ka ɗaga ƙafa, tsere ya ƙare ke nan.

A nan otomatik ke shigowa. Mai kuloci in zai tashi, yakan ɗaga injin sama ya saki ƙafa, duk ƙarfin ya sauka a kan taya lokaci guda. Radiyal ba ta son wannan duka. Ita kuwa otomatik, tsakanin injinta da giyabos akwai kwanbata, wadda mai ne ke ɗaukar ƙarfi a cikinta. Ka ɗauka fanka biyu ce suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar, sai dai a nan man giya ne a madadin iska. Saboda haka ƙarfin yana isa ga taya da sauri amma ba da fizga ba, kuma a lokacin tashi kwanbatar tana ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu. Abin da radiyal ke so ke nan. Ga shi kuma wajen canjin giya ba a ɗaga ƙafa, motar ba ta yin numfashi, kuma abin da ta yi yanzu shi za ta maimaita anjima.

Ina jin zafin yadda muke raina otomatik a gida. Tun ina yaron gareji a Yelwa nake jin ana cewa motar malalata ce, ba ta da ƙarfi, ba a tura ta in batir ya mutu. Maganar turawa gaskiya ce, ta rashin ƙarfi kuwa ba haka ba ne. Kamfanin Dodge ya fitar da Challenger Demon ƙirar 2018, mai ƙarfin doki 840 in an zuba mata man tsere. Daga masana'anta ta fito da radiyal na tsere ƙirar Nitto, ta cinye mita 402 cikin daƙiƙa 9.65, kuma ba a yi ta da kuloci ba sam, otomatik ce mai giya takwas. Injiniyoyin da suka haɗa wannan taya da wannan giyabos sun san abin da suke yi.

Yadda muke tashi a nan, ƙafar hagu tana kan birki, ta dama tana danna totur a hankali har injin ya ɗan ɗaga, motar tana ƙoƙarin ƙwacewa. Fitila na sauka sai ka saki birki. Amma ku ji wannan da kyau, domin a nan giyabos ke mutuwa: duk daƙiƙar da ka riƙe mota a haka, man giya yana dahuwa a cikin kwanbata. Daƙiƙu kaɗan ake yi, ba a wuce haka. Shi ya sa kusan kowa a layin nan ya ƙara wa motarsa ƙaramin lagireto na sanyaya man giya. Sannan taya in ta daina zamewa, ƙarfin nan dole ya nemi inda ya fi rauni. Da tayar gida, zamewar ce ke ceton ƙarfen mota. Da wannan kuwa, shaf ne zai karye, ko farfela, ko haƙoran aksil, wato ƙarafan da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. In bayan mota ya fara tsalle-tsalle lokacin tashi, ka ɗaga ƙafa nan take.

Iska ma da lissafinta. Tayar gida muna ba ta wajen kilo 2.2, a ma'aunin nan Amurka 32 ke nan. Radiyal ta tsere in an zo fili ana rage ta zuwa wajen 18 ko 20, marar zanen kuma ƙasa da haka. Kafin layin tashi akwai inda ake zuba ruwa, ka jiƙa tayar baya, ka juya ta ta ɗan yi hayaƙi don ta yi ɗumi ta zubar da tsakuwar da ta kwasa. Radiyal ba ta buƙatar hayaƙi mai yawa, masu cika fili da hayaƙi kuɗinsu kawai suke ƙonawa. Kuma ku dubi ƙasan nan. Kun ji ƙarar takalmina? Wani gam ake fesawa a kan simintin, ga robar da ta taru a kai, har takalmi yakan cire wa mutum. Rabin kamun da tayar ke yi daga wannan ƙasa yake fitowa. Hukumar tseren ta Amurka, NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 don raba matasa da tsere a kan titi, tana tilasta hular kwano ga direban duk motar da ke cinye mita 402 cikin daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka. Ga motar asibiti can a tsaye, ga katanga hagu da dama, babu ɗan acaɓa, babu akuya, babu yaro mai tallan ruwa.

Yanzu ƙanena, ɗauki wannan taya ka kai ta hanyar Garwa zuwa Ngaundere. Ƙura ce a kan kwalta, roba mai laushi kuma tana kwasar yashi da tsakuwa, kamun da ka saya dominsa ya tafi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kwalta ta fi haka nesa, robar za ta suɗe cikin ɗan lokaci. Ramin farko da ka faɗa da ƙarancin iska zai iya fasa gefenta ko ya lanƙwasa maka rim. Abin da ya fi tsorata ni shi ne damina. Zanen taya aikinsa korar ruwa ne, wannan kuwa kusan ba ta da shi. Ruwan Agusta ya same ka a gangaren dutsen nan na kafin Mbe, motar za ta hau kan ruwa, sitiyari da birki su daina jin maganarka, ga tireloli suna hawowa. Ko a nan Teksas, in hadari ya haɗu, masu irin tayar nan gida suke nufa a hankali, da yawa ma a tirela suke kawo motar ko su canza tayoyin a fili. Ƙari a kan haka, Corolla ɗinka da gaba take ja. Tayoyin da ka gani a bayan motoci ne, domin waɗannan da baya suke ja. In ka sa su a bayan taka, ado kawai ka yi, ka kuma rage wa kanka tsaro.

Kuɗin tayoyin nan biyu, in ka juya shi zuwa sefa, ya ishe ka tayoyin gida masu kyau da canjin man giya. In za ka saya a kasuwa, musamman 'yan gwanjo, ka duba gefen taya inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko zanenta na nan ka yi hattara, zafinmu yana busar da roba. Man giya kuma ka zuba ainihin wanda littafin motar ya ce, ka zaro sandar awo ka duba: ja ne mai haske ko ya yi baƙi yana warin ƙuna?

Ga shi ana kiran layinmu, bari in sa hula in matsa gaba. Wanda ke da tambaya a kan giyabos ɗinsa ya rubuta mini irin motar da shekararta, zan amsa a bidiyo na gaba in Allah ya yarda. A gaida mutanen gida.